Jakadan Meziko da Jinkan Ɗakin Baya

Tun da na dawo daga Yandi matan ajinmu na yaƙi da jahilci ba su bar ni na huta ba. Wadda ta zo aron rariya sai ta zauna, wadda ta zo ɗiban wuta sai garwashin ya mutu a kasko tana sauraro. Na faɗa har muryata ta dushe, kuma na lura kowace ta fita sai ta ƙara gishiri. Shekaranjiya na ji wai na ci tuwo da Sarkin Turawa da cokalin zinariya. Shi ya sa Malama ta ba ni wannan littafi ta ce in rubuta sau ɗaya in huta. Mai son labari ta karanta, wadda ta kasa ta daina fashin aji.

Kun san ɗan Yaya Kulu. Ni na haife shi, shi ne na fari, don haka ba za ku ga sunansa a nan ba. Tun da aka yaye shi Yaya Kulu, yayar maigidana Malam, ta ɗauke shi, kamar yadda aka saba. Ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa tsayawa na yi magana da shi ba. In ya shigo ta nan, na fita ta can. Shekara bakwai ke nan da ya bi ƙanena Umaru fataucin goro ya zauna can Yandi. Ko rasuwar Malam a takarda ya ji ta.

Bayan kakar shinkafa wasiƙarsa ta zo wa Yaya Kulu, ita kuwa ta kawo mini, don yanzu ni ce mai karatun gidan. Ya ce ya sami aikin tafinta wurin wani jakada, mutumin wata ƙasa da ake kira Meziko. Babbar majalisar da ƙasashe ke taruwa ce ta aiko shi tare da wasu su sa ido kan ƙuri'ar da mutanen can za su jefa. In an gama Jakada zai koma hayin teku, kuma yana so ya tafi da shi, ya sa shi makaranta, ya yi masa hanyar aiki. Shekara nawa, ba a sani ba. Yana neman iznin Yaya Kulu. Can ƙasan takarda ya sa a gai da mutanen gida. Ni ce mutanen gida.

Yaya Kulu ta ce, “To, arzikinai ya kira shi. Ke mi kika gani?”

Na ce, “Mi ne nawa ciki, Yaya? Ɗanki ne.”

Bayan kwana uku na ce mata ina so in bi Umaru in ya tashi komawa, in yi wa matarsa barka.

Ta ce, “Wagga haihuwa ai ta yi wata takwas.”

Na ce ai barka ba ta tsufa. Ta ce haka ne, ta ci gaba da kaɗinta.

Kafin mu tashi na sa mutanen Maruda suka kawo ciyawa aka yi wa ɗakin baya sabon jinka. Nan ɗan Yaya Kulu yake kwana da, in ya zo gai da babansa. Ba wanda ya tambaye ni dalili. Na kuma daka yaji cike da gwangwani, na ƙulle daddawa, na yi dambun nama.

Zangonmu na farko Kalgo, gidan ƙawata Hajo. Kwana uku muka yi muna jiran mota ta cika. Kullum direba ya ce yanzu za a tashi, kullum mu ɗaura kaya mu kwance. Hajo ta ciyar da mu kifi safe da yamma har na fara jin ƙarninsa a zanena. Ta dubi gwangwanin yajin, ta dube ni.

“A'i, barka za ki ko biko?”

Na ce mai jego na son yaji.

“Mai jegon da ɗanta ke rarrafe? Allah shi kai ki lafiya.”

A goshin motar an rubuta Sannu Ba Ta Hana Zuwa. Ni na karanta wa matan da ke kusa da ni, suka yi ta mamaki. Gaskiya kuwa aka rubuta. Tsakanin Kalgo da Kamba sau huɗu muka sauka, maza suka tura, mu muka bi baya da ƙafa. Kan buhunan albasa aka zaunar da ni. Wanda bai taɓa wuni kan albasa ba bai san tana da gwiwa ba.

A Gaya muka shiga hannun Faransa. Nan aka jera mu gaban wani jandarma Bature mai gajeren wando, da tafintansa Bazabarme. Suka buɗe ƙullina, Bature ya kai hanci ga daddawa, ya ja baya, ya tambaya ko wani abu ya mutu a ciki. Aka ce miya ce. Ya ce a rufe. Sai ya tambayi inda za ni, Umaru kuwa da saurin baki ya ce wurin ɗanta.

Tafinta, wanda ke kiran Baturen Mushe, ya ce, “Mushe ya ce mene ne sunan ɗan?”

Umaru ya buɗe baki, Bature ya ɗaga masa hannu, wai ni aka tambaya. Aka sake tambaya, na dubi ƙasa. Tafinta ya gane, don su ma suna da irin kunyar, amma ya ce, “Inna, wannan ba zai gane ba. Cewa yake macen da ba ta san sunan ɗanta ba, ba wurin ɗa za ta ba. Zai mayar da ke.”

Layi ya tsaya, rana ta take, direba yana ta danna oda. Sai na ce a ba ni alƙalami. Na rubuta sunan a bayan takardar lambata ta rigakafi, baƙi bayan baƙi, yadda Malama ta koya mana. Ai hannu ba baki ba ne. Bature ya dubi takarda, ya dube ni, ya buga hatimi. Ku masu cewa karatu bayan an haifi jikoki ba shi da rana, ga ranarsa.

Muka ƙetare Kwara a jirgin fito, mota da mutane da awaki gaba ɗaya. Daga nan Kandi, daga nan Zugu. Ko'ina muka sauka akwai zangon Hausawa da fatoma mai saukar da fatake, kuma ko'ina sai an sami wanda kakansa daga Jega ya fito. A Zugu aka fara ba ni sakwara. Suka ce tuwo ne. Tuwo ne wanda in ka ja shi sai ya ja ka. Ba a taunawa, haɗiya ake yi a dogara ga Allah. Miyar kuma ja wur da manja. Na ci don kada matar fatoma ta ji kunya, na kwana ina begen fura.

Matan can su ke da kasuwa, su auna, su yi ciniki, su kori wanda ya raina musu kaya. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya sa na sunkuyar da kai shi ne wata mai sayar da doya da ta tsaya tsakiyar kasuwa ta ƙwala wa wani ƙato kira da sunansa. Ya zo, suka zauna tabarma ɗaya, suna ci ƙwarya ɗaya, tana cire masa ƙaya daga kifi. Na tambayi matar fatoma, ta ce ɗanta ne na fari. Na ji musu kunya ƙwarai. Amma na daɗe ina kallo.

Bayan Basari muka sake shiga ƙasar Ingilishi. Wato mun bar Ingilishi, mun ratsa Faransa, don mu iske Ingilishi suna jiranmu da tambayar da aka riga aka yi mana. Wannan karon takardata kawai na miƙa.

Ranar kwana goma sha tara muka shiga Yandi, ƙasar Dagwamba. Na yi barka. Jaririn ya karɓa da kansa, don har ya fara tsayuwa.

Da la'asar ɗan Yaya Kulu ya zo. Ya tsuguna bayan danga ya gai da kawunsa, sa'an nan ya ce wa iska, “An zo lafiya?” Na ce wa matar Umaru ta ce lafiya lau. Ƙafafunsa kaɗai na gani ta ƙarƙashin danga. Ya sa takalmi sau-ciki, kuma ya rame.

Kashegari na zuba dambu a akushi, na barbaɗa yaji da yawa yadda Yaya Kulu ta ce yana so, na ajiye a bakin zaure inda zai wuce. Ban ce na wane ne ba, ai ba a faɗa. Sai ga ƙarar mota. Ashe Jakada ya ji an ce uwar tafintansa ta yi kwana goma sha tara a hanya, ya ce lalle sai ya zo gaisuwa.

Ku da ke tambaya kamanninsa: gajere ne, mai furfura a gefen kai, mai gashin baki. Ba fari ba ne irin na Joji, Baturen mulki, ya fi kama da Buzun da ya daɗe a inuwa. Ya cire hula ya miƙo mini hannu. Da ya ga ban miƙa ba sai ya mai da hannun ƙirjinsa kamar dama can za shi. Ya ga akushi a bakin ƙofa, ya ɗauka an ajiye wa baƙo ne, ya yi godiya ya zauna. Umaru ya so ya gargaɗe shi kan yajin. Kafin a fassara ya kai loma uku. Muka jira hawaye. Ya cinye tas, ya tambaya ko akwai saura. Wanda aka yi dominsa yana tsugune gefe yana fassara yabon.

Jakada ya ce ƙasarsu masara da wake da barkono suke ci, kuma rabonsa da abinci mai rai tun barinsa gida. Na ce a tambaye shi wane irin aiki ne jakadanci da ke raba mutum da tuwon gidansu. Ya ce iri biyu ne, kuma duk ya yi. Ya fara yana saurayi, magatakarda a gidan jakadansu a wata ƙasa maƙwabciya. Daga nan aka kai shi wata ƙasa mai sanyi inda rana ke faɗuwa kafin la'asar, daga nan wata inda yaƙi ya iske shi ya yi ta buga wa masu gudu hatimi. Wannan shi ne aikin tsakanin ƙasa da ƙasa: ka kai saƙo, ka kawo saƙo, ka rage masa zafi a hanya. Na ce wannan mun san shi, shi ne aikin mai shiga tsakanin surukai. Na biyu kuma shi ne na majalisa, inda ƙasashe da yawa ke zama zobe, kowa da abu a kunne, a wuni ana magana. Na ce wannan rabon naman suna ne, kowa na kallon kason wani. Da aka fassara masa ya yi dariya, ya ciro ɗan littafi ya rubuta.

Amma mutumin ido gare shi. Ya lura ban dubi gefen da tafinta yake ba ko sau ɗaya, shi ma bango yake fuskanta. Sai ya yi wata tambaya, tafinta ya fassara.

“Wai a tambayi baƙuwa, wane laifi ɗanta ya yi mata?”

Umaru ya yi bayani, cewa ba faɗa ba ne, kunya ce, haka ake yi wa ɗan fari. Jakada ya saurara, ya tambaya tun yaushe. Aka ce tun haihuwa. Ya ce ya ga ƙasashen da suka yi shekara goma ba sa gaisawa, amma ashirin da bakwai bai taɓa gani ba. Ya ce gobe da hantsi mu zo masaukinsa, za a yi zama.

Muka je ni da Umaru. An jera kujeru da tebur. Na shimfiɗa ɗankwalina na biyu a ƙasa na zauna. Jakada ya dubi kujera, ya dube ni, ya sa aka kawo tabarma, ya sauko shi ma, gwiwoyinsa suna ƙara. A kan tebur na ga wani ɗan turmin dutse baƙi mai ƙafa uku, duk ya sha daka.

Ya ce a majalisarsu in ƙasa biyu ba sa magana da juna, ba a tilasta musu. Kowace sai ta dubi shugaban zama ta yi magana da shi, ɗayar tana ji. Yau shi ne shugaban zama.

“Wai a gaya wa baƙuwa ta dube shi shi kaɗai. Wai mai fassara yau ba ɗan kowa ba ne, mazurari ne.”

Na ce to.

“Wai yana so ya tafi da tafintansa hayin teku. Ya tafi ko kada ya tafi?”

Tun daga Kalgo nake shirya amsar nan. A kan albasa na shirya ta, a jirgin fito na gyara ta. Na buɗe baki, sai na ji ina cewa, “Ba ruwana. Ɗan Yaya Kulu ne. In ya tafi gida ya ƙara fili.”

Abin da uwata za ta ce ke nan, da uwarta. Mazurari ya juya shi Turanci, muryarsa ba ta ko girgiza ba. Ban san Turanci ba, amma na ji maganar ta fita duka, ba a rage mata kome ba. Na dubi tabarma. Na ce a raina, A'i, kin yi kwana goma sha tara kin zo kin rufe ƙofa da hannunki.

Jakada ya rubuta. Sai ya tambaya me ya kawo ni Yandi. Na ce barka. Ya tambayi watannin jariri. Na ce tara. Ya rubuta wannan ma.

“Wai a aikinsa, ƙasar da ba ruwanta da magana takarda take aikowa. Ba ta hawa albasa.”

Sai ya koma tambayar gida kamar mai son saye. Ɗaki nawa? Huɗu. Wa ke kwana a na gaba? Ni. Na baya fa? Ba kowa. To ai ya lalace ke nan? Na ce a'a, sabon jinka gare shi, kafin in taso aka yi.

“Wai don wa?”

“Don kada ya rushe.”

“Wai wa ke kwana ciki da?”

“Wani.”

Nan mazurari ya toshe. Kalma ɗaya ce, amma sai da Jakada ya jira ta.

Ya miƙa hannu ya sauko da turmin dutsen ya ajiye tsakaninmu. Ya ce uwarsa ta ba shi ranar da zai fara fita. Abin da ta ce kawai, mutanen waje ba su iya barkono ba, ya riƙa daka nasa. Duk wasiƙar da ta aiko sai ta ce ya zauna ya yi aikinsa, ba ta bukatar kome. Shi kuma ya yarda, shi da aikinsa ke nan gane abin da ba a faɗa ba. Ranar da ta rasu yana majalisa, sun wuni ana gardamar wace ƙasa za ta zauna kusa da ƙofa. Ya faɗi wannan yana murza gashin baki, kamar labarin wani. Mazurari ya fassara a hankali.

Sa'an nan ya ce bai janye tayinsa ba. Tayi ne mai kyau, ba ya ƙarya, kuma irinsa ba ya zuwa sau biyu. Amma shugaban zama ba ya jefa ƙuri'a. Ya juya ga tafinta ya tambaye shi ko akwai abin da zai ce wa shugaba.

Ya gyara tsuguno, ya fuskanci Jakada sosai. Sai ya yi magana da Hausa, Hausar Gwandu, irin wadda ban ji a bakinsa ba tun jiya.

“Ranka shi daɗe, na gode, Allah shi saka. Amma ba ni zuwa. Sabon jinka in ba a kwana ƙarƙashinai, gara ka cinye shi. In an ƙare ƙuri'a, gida za ni.”

Jakada, wanda bai san kome da Hausa ba sai sannu, ya saurara har ƙarshe, ya kaɗa kai, ya rubuta, ya rufe littafi.

Na dubi shugaban zama na ce, “Ƙyauren ɗakin ba ya rufuwa. Mai zuwa ya zo da kwaɗo.”

Wannan ba a fassara ba, Jakada kuma bai tambaya ba.

A hanyar komawa zango Umaru ya ce na ɗaure dokin da zai yi nisa. Ban musa masa ba, har yau ina juya maganar. Sauran yajin na bar wa Jakada, ya karɓa da hannu biyu. Dawowa kwana ashirin da ɗaya muka yi da wasu fatake, don Sannu Ba Ta Hana Zuwa ta karye gaba ɗaya a Kamba. Hajo ta tare ni a Kalgo ta ce yaya mai jego. Na ce ta warware.

Ya iso bayan ƙaramar salla, ranar da aka yi ruwan shuka. Na ji sallamarsa na shiga madafa. Ya gai da Yaya Kulu, ya gai da mutanen gida, ya wuce baya da akwatinsa. Na ji ana buga ƙusa a ƙyaure.

Da safe Yaya Kulu ta leƙo ta ce, “Wai jinka na yoyo ta gabas.”

Na ce a gaya wa mai ɗaki sauran ciyawa na nan bayan rumbu.